Idan Kogin Kaduna Ya Kawo: A Tashi Ne Ko A Zauna?

Duk shekarar Allah, da zarar watan Agusta ya raba tsakiya, akwai wata tambaya da kan hana magidanta barci a unguwannin da ke kwance a gefen Kogin Kaduna. Rediyo ta faɗa cewa ruwa na tafe, mai unguwa ya sa an yi shela, kogi ya yi jajir yana tafe da itatuwa da bola, kwalbati ta fara mayar da ruwa baya. To, shin a kwashe iyali a bar gida ne, ko kuwa a jera buhunan yashi a bakin ƙofa a zauna a ga abin da Allah zai yi? Mutanen titin Kigo da Kabala da gangaren Unguwar Rimi da Malali da Rafin Guza sun san nauyin wannan tambaya, haka ma maƙwabtansu na tsallaken kogi a Barnawa da Nasarawa.

Abin ba yau farau ba. A watan Agustan 2003 kogin nan ya tumbatsa ya shiga gidajen bayin Allah a gaɓoɓinsa biyu. A Satumbar 2012 ya sake dawowa, a shekarar da hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, wato NEMA, ta ce ambaliya ta ci rayuka 363 a faɗin Nijeriya, ta kuma raba sama da mutum miliyan 2 da muhallinsu. A 2022 waɗanda suka rasu a ƙasar sun haura 600. Duk da haka, har gobe in an yi gargaɗi sai a tarar da magidanci ya shimfiɗa tabarma a zaure yana cewa shi ba inda za shi, ai abin da Allah ya rubuta ba makawa sai ya faru.

Gaskiyar magana ita ce, wanda gidansa ke hanyar ruwa, aka kuma gargaɗe shi, wajibinsa ne ya fitar da iyalinsa tun da sauran haske, tun ƙafa na iya taka ƙasa. Amma faɗin wannan a baki ba wuya. Mutanen da ke ƙin tashi ba mahaukata ba ne, suna da dalilansu, kuma muddin ba a kawar da waɗannan dalilai ba, to shela sai dai ta yi ta shiga ta kunnen dama tana fita ta hagu. Kawar da su kuwa aiki ne da ya hau kan matasan unguwa kafin kowa.

YADDA RUWAN KE ZUWA

Kuskuren farko da kan halaka mutane shi ne auna hatsari da kallon sama. Mutum ya ɗaga kai ya ga taurari, sai ya ce ai yau ba hadari, ya shiga ɗaki ya kwanta. Alhali Kogin Kaduna daga tsaunukan Jos ya taso, yana tafe yana tattaro ruwan rafuka da ƙoramu kafin ya iso cikin gari ya wuce ƙasar Nufe inda ya haɗu da Kogin Kwara. Ruwan da aka tafka can nesa jiya ko shekaranjiya shi ne zai iso Doka yau, ko da ba a yi ko yayyafi a garin ba. Ga shi kuma a ƙarshen damina ƙasa ta riga ta ƙoshi, ba ta iya shan komai, duk abin da ya sauka sai ya gangara kogi.

Na biyu, ruwa bai san dare ba. A Maiduguri, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, cikin dare ne wayewar ranar Talata 10 ga Satumbar 2024 ruwa ya shigo gari, ya mamaye Gwange da Kasuwar Monday da fadar Shehu, dubun dubatar mutane suka wayi gari ba su da wurin kwana. A Mokwa ta Jihar Neja, da asubar 29 ga Mayun 2025 ne ruwa ya afka wa Tiffin Maza da Unguwar Hausawa mutane na barci, aka tsamo gawa sama da 150. Wanda ya ce zai jira sai ya ga ruwa a tsakar gida sannan ya yanke shawara, ya sani cewa a cikin duhu zai yanke ta, ba wuta, yara na kuka, tsohuwa ba ta iya tafiya.

Na uku, mutane kan raina ƙarfin ruwa mai gudu. Masana sun tabbatar cewa ruwan da zurfinsa bai wuce inci 6 ba, in dai yana gudu da ƙarfi, zai iya kayar da ƙato. In ya kai ƙafa 2 yana ɗaukar mota. A ƙarƙashinsa kuma ga buɗaɗɗen lambatu, ga rijiya marar murfi, ga wayar lantarki da ta faɗo, ga macizai da ruwa ya koro daga ramukansu. Ginin ƙasa kuwa ba ya bukatar ruwa ya kai rufi. Da zarar gindin bango ya jiƙe ya yi laushi, sai ya zauna a kan na ciki.

ME YA SA AKE ƘIN TASHI?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ke zaune a tudu yana iya zagin mutanen kwari da taurin kai, amma in ya saurare su zai ji abubuwa huɗu.

Dalili na farko tsoron ɓarayi. Talaka ya shekara goma yana tara katifa da keken ɗinki da ɗan firjin da matarsa ke sayar da ƙanƙara, a ce ya kulle ya tafi ya bar wa ɓata-gari? Na biyu, rashin wurin zuwa. Sanarwa takan ce jama'a su koma tudu, amma wane tudun? Gidan wa? Mutum mai mata da 'ya'ya takwas zai je ya tsugunna a bakin titi ne? Na uku, gajiya da gargaɗi. Bara an ce ruwa na zuwa, an kwashe kaya an biya mai amalanke, ruwa bai zo ba, maƙwabta suka yi ta dariya. Na huɗu, rashin yarda da mahukunta. Akwai masu fargabar cewa in sun fita, kafin su dawo an shafa wa gidan jan fenti an ce yana kan hanyar ruwa, a rushe ba diyya.

Babu wanda za a yi wa dariya a cikin dalilan nan. Kuma dole a faɗa wa mahukunta gaskiya komai ɗacinta. Hukumar kula da koguna ta ƙasa, NIHSA, tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara tun kafin damina ta kankama, har da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin hatsari. Hukumar hasashen yanayi, NiMet, tana faɗin yadda ruwan sama zai kasance. NEMA tana nan tun 1999, jiha ma tana da tata hukumar. Ashe ke nan labari ba ya ƙaranci. Abin da talaka ke tambaya shi ne, bayan an karanta takarda a Abuja, wa zai zo ƙofarsa ya ce masa ga makaranta kaza an buɗe, ga motar da za ta kwashi yara, ga waɗanda za su tsare layin? Kuma su wa suka yanka filaye a hanyar ruwa suka sayar tun farko? Talaka bai zaɓi bakin kogi don sha'awar iska ba, can ne kuɗinsa suka kai.

Amma fa laifin mahukunta ba ya tsamo yaron da ruwa ya tafi da shi. Magidanci ya zauna ya yi lissafi da kansa. In ya tashi ruwa bai zo ba, asararsa kuɗin amalanke ne da kwana biyu a takure da 'yar dariyar maƙwabta. In ya zauna ruwa ya zo, asararsa tana iya zama wadda ba kasuwar da ake sayo madadinta. Wanda ya tashi sau biyar a banza bai yi asarar da ta kai ta wanda ya zauna sau ɗaya a kan kuskure ba.

ZAMA A HANYAR RUWA TAWAKKALI NE?

Nan ne gizo ke saƙar, domin da yawa sukan sa wa tsoron ɓarayi ko kasala rigar addini, su kira abin tawakkali. To, a duba tarihin waɗanda suka fi kowa dogaro ga Allah. Annabi Nuhu (AS) a busasshiyar ƙasa ya sassaƙa jirginsa, mutanensa na wucewa suna yi masa ba'a, tun ba a ga ko ɗigon ruwa ba. Wanda ya ƙi shiga, ya dogara da dabarar kansa cewa dutse zai tsare shi, shi ne ɗansa da ya halaka. Annabi Yusuf (AS) da aka sanar da shi shekarun fari na tafe, rumbuna ya sa aka cika tun a shekarun wadata. Shi kuwa Manzon Allah (S), da zai yi hijira, an tanadi abin hawa, an ɗauki ɗan jagora masanin hanya, an nufi kudu zuwa kogon Saur alhali Madina na arewa, an ɓoye kwana uku har nema ya lafa. Shi ne kuma ya umurci mai raƙuma da ya ɗaure ta tukuna sannan ya dogara ga Allah. Akwai wanda zai ce ya fi waɗannan bayin Allah yaƙini?

Malamai sun jera abubuwa biyar da shari'a ta zo don ta kiyaye: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Rai yana gaban dukiya. Wanda ya sa rayuka goma a hatsari don ya tsare katifa da talabijin ya kifar da wannan jeri ƙasa a sama. Wasu kuma sukan kawo cewa ai wanda ya nutse ko gini ya faɗa masa yana da ladan shahada. Haka ne, an ruwaito wannan falala, kuma ana fata Allah ya ba waɗanda suka rasu a Mokwa da Maiduguri. Amma wannan rahama ce ga wanda abin ya afka wa, ba izini ba ne ga mutum ya ji gargaɗi da kunnensa sannan ya kulle iyalinsa a ɗaki.

Domin a nan akwai abin da ake mantawa. Shawarar mai gida ba tasa ba ce shi kaɗai. In ya ce a zauna, ya yanke wa matarsa mai ciki, ya yanke wa jaririn goye, ya yanke wa mahaifiyarsa da ke dogara sanda. Shi in ruwa ya zo zai iya haye katanga ko ya kama bishiya, su fa? Amana ce a wuyansa, kuma za a tambaye shi. Haka malamin tsangaya da ke da almajirai arba'in a rumfa kusa da rafi, 'ya'yan mutane ne aka damƙa masa.

Akwai kuma wata matsala da ba a cika faɗa ba. Sau da yawa ruwa kan taso mai gida na kasuwa ko wurin gadi ko ya yi tafiya, mata na ciki suna ganin ruwa na hauhawa amma suna jin nauyin fita ba da izini ba. Kowane magidanci ya kamata tun farkon damina ya faɗa wa iyalinsa baro-baro cewa in aka yi shela, ko ruwa ya kai wuri kaza, su ɗauki yara su tafi gidan wane, ba sai sun jira shi ba. Wannan magana ɗaya tana iya zama sanadin tsirar gida guda.

DARASI DAGA WASU ƘASASHE

A ƙarshen Agustan 2005 mahaukaciyar guguwar teku da aka sa wa suna Katrina ta afka wa birnin New Orleans na Amurka. An ba da umurnin kowa ya fice kwana ɗaya kafin ta iso. Masu mota da kuɗin masauki suka tafi. Amma wajen kashi ɗaya cikin huɗu na gidajen birnin ba su da mota, akasarinsu talakawa baƙar fata. Katangun da ke tsare ruwa suka fashe, kusan kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse, sama da mutum 1,000 suka mutu, da yawansu tsofaffi ne da aka tarar a cikin gidajensu. Ƙasar da ke taƙama da ta fi kowa arziki ke nan. Umurni ba tare da abin hawa da masauki ba bai ceci talakanta ba.

A ɗaya gefen ga Bangaladash, ƙasar Musulmi matalauta. A Nuwambar 1970, tun tana Gabashin Pakistan, guguwa ta kashe aƙalla mutum 300,000. A 1991 wata ta kashe wajen 138,000. Amma da guguwar Sidr ta zo da ƙarfinta a 2007, alƙaluman hukuma sun tsaya a dubu 3 da ɗoriya. Me ya canza? An gina mafaka masu tsawo a kan ginshiƙai, waɗanda a sauran ranaku makarantu ne. An kuma horar da dubban 'yan sa kai daga cikin mutanen ƙauyukan, masu yawo da lasifika a ƙafa da kan keke, suna bi gida gida, suna tallafar tsofaffi zuwa mafaka. Mutum ya fi yarda da ɗan unguwarsu da ya ƙwanƙwasa masa ƙofa fiye da muryar da ya ji a rediyo. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

YAUSHE NE ZAMA YA FI?

Ba kowane hadari ne ake gudu ba, kuma dole a bambance. Iskar farkon damina, wadda kan yaye kwanon rufi ta karya turakun lantarki a watannin Afrilu da Mayu, ba a fita a cikinta. Mafi aminci a shige ɗaki mafi ƙwari, a nisanci taga da bishiya da tsohuwar katanga har ta lafa. Haka wanda gidansa ke kan tudu, ruwa bai taɓa zuwa ba, shi zamansa ya fi, sai dai ya share zaure ya jira baƙi. Wanda kuma ya makara har ruwa mai gudu ya kewaye gida cikin dare, to kada ya ce zai ratsa da yara a kafaɗa. Ya nemi wuri mafi tsawo mai ƙwari, bene ko rufin siminti, ya yi ta kira da haska tocila har taimako ya zo. Amma wannan dabarar wanda ya riga ya makara ce. Mai hankali ba ya bari ta kai shi nan.

AIKIN DA KE GABAN MATASA

Ba a fafe gora ranar tafiya. 'Yan uwa matasa da ke cika sahu ranar Juma'a, waɗanda ke iya tsara taro na dubban mutane ba tare da an taka ko yaro ɗaya ba, su ne suka fi cancanta su ɗauki wannan nauyi, kuma tun kafin Agusta.

Na farko, a san unguwa. Kowane layi da ruwa ya taɓa shiga a 2003 ko 2012 ko bayan nan, dattawa sun san iyakar inda ya tsaya. A rubuta gidajen da ke ƙasa da wannan iyaka, a san inda tsoho yake, da gurgu, da makaho, da mai jego, da gidan marayu, da tsangaya.

Na biyu, a nemi masauki tun yanzu. Lokacin da Muhajirai suka isa Madina ba su da komai, haɗa su aka yi da Ansar, kowa da ɗan uwansa. Me zai hana a haɗa kowane gida na kwari da wani gida na tudu, a yi magana ta fahimta tun kafin bukata ta taso? Abin da ya rage sai a nemi izinin limamai da shugabannin makarantun Islamiyya da ke kan tudu, a keɓe wa mata da yara ajujuwa, maza su kwana a harabar masallaci.

Na uku, a kashe tsoron ɓarayi. A daren hijira an bar Ali ɗan Abu Ɗalib (AS) a Makka don ya mayar wa mutane kayan da suka ba da ajiya. Tsare amanar jama'a a lokacin tsanani aikin samari ne masu gaskiya. A tsara masu sintiri da sanin mai unguwa da jami'an tsaro, su tsaya a bakin layuka daga inda ƙasa ke da tsawo, a san duk mai shiga da fita. Magidancin da ya tabbata akwai ido a kan ƙofarsa zai fi saurin ɗaukar 'ya'yansa.

Na huɗu, a sa alama. A zaɓi wani ginshiƙi ko dutse a gaɓar kogi, a shafa masa fenti, unguwa ta yi ittifaƙi cewa in ruwa ya taɓa nan, ko hukuma ta ba da sanarwa, to babu sauran muhawara. Mata da yara da tsofaffi su fita kafin Magariba. A kashe lantarki daga mita, a kwance dabbobi, a sa takardun gida da na makaranta da magunguna a leda a ɗaure.

Na biyar, kada a manta da bayan ruwa. Ambaliya kan haɗa masai da rijiya, daga nan sai amai da gudawa. A tafasa ruwan sha, kada kuma a koma ɗakin da bangonsa ya jiƙe sai an duba shi.

Kuma a yi wannan aiki ga kowa da kowa. Kogin Kaduna ba ya tambayar mutum addininsa ko ƙabilarsa kafin ya shiga ɗakinsa, haƙƙin maƙwabtaka ma bai tsaya kan Musulmi kaɗai ba. Garin da ya sha fama da rarrabuwa tsakanin arewa da kudancin kogi yana bukatar ya ga samarin da za su goya tsohuwar da ba su san sunanta ba.

Jarumtaka ba ita ce mutum ya tsaya a cikin ruwa iya wuya yana cewa shi ba ya tsoro ba. Jarumi shi ne wanda a layinsu aka ƙirga kai bayan ruwa ya janye aka tarar kowa na nan. Gida in ya rushe ana sake gina shi, kaya in sun tafi mai rai yana sake nema. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri, ya sa daminar bana ta zama ta albarka, ya kuma ba matasa ikon tsayuwa da wannan aiki. Amin.